Baƙar Alkamar Mutanen Poland da Geron Babana

Babu daular da ta taɓa kafuwa a bayan ƙasa, daga Rum har Sakkwato, sai da wani mutum ya ji yunwa, yana kallon mudu guda na hatsi, ya ƙi ci. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, na cika alluna da sunayen sarakuna da na mayaƙa, amma ko sau ɗaya ban rubuta sunan mai ajiye iri ba, domin ba ya fitowa a jarrabawa. Sai da na ajiye alli, wani tsohon ɗalibina ya samo mini aikin tuƙi a Doha, sannan wani Bature ya tuna mini darasin da na tsallake.

Marek sunansa, injiniyan ban-ruwa ne, ni nake tuƙa shi. Kamfaninmu ne yake shimfiɗa siraran bututun da ke shayar da furannin shataletale. A garin nan damina ba ta zuwa da iska da tsawa daga gabas. Agogo ne yake kiranta da sassafe, ta yi minti ashirin, ta ɗauke. Fasfon Marek na Brazil ne, sunansa na Poland, Turancinsa kuma ya karkace daidai da Larabcina, don haka muna fahimtar juna sosai. Sa'o'i ne mu. Ya ji samarin da muke zama tare a unguwar Mansura suna ce mini Malam, shi ma ya ɗauka.

Wata Alhamis da la'asar ya ce mu biya ta kasuwar Souq Waqif, lokacin ana tsakiyar gyaranta. Ana ɓamɓare siminti ana shafa laka, ana cire ƙofofin ƙarfe ana sa na katako, wai don kasuwar ta koma tsohuwa. Ban taɓa ganin inda ake kashe kuɗi a sayi tsufa ba sai a nan, mu da muke samunsa kyauta. A layin masu tsuntsaye na ga buhu a buɗe, gero ne, abincin kanari. Kafin in yi tunani hannuna ya shiga, na ɗebo, na shinshina, na ciza ƙwaya ɗaya.

Mai shagon ya ce, "Yalla, haji, kilo nawa? Wane tsuntsu gare ka?"

Na ce masa ni ne tsuntsun.

Marek ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce, "Malam, direba ba ya cizon hatsi. Kai ɗan manomi ne, kana ɓoyewa."

Na ce, "Injiniya, ai ban ɓoye ba, ba a tambaya ba ne."

Muka samu benci muka karɓi shayi, ya ba ni tarihin ƙauyensu. Iyayen kakarsa talakawa ne a Poland, a zamanin da ƙasar noma take hannun masu ƙasa, gonar talaka kuwa ba ta cika tukunya. Aka zo ana shela cewa akwai wata ƙasa a ƙetaren teku da ake raba daji kyauta ga duk mai iya sarewa. 'Yan gidaje daga ƙauye ɗaya suka tashi tare. Makonni a jirgin ruwa, kwanaki a keken shanu, sauran a ƙafa, har aka nuna musu wani daji a kudancin Brazil mai itatuwan da mutum uku ba sa rungumewa, aka ce ga gonarku. Ba su da limamin coci. Wani dattijo ne mai littafin addu'a, da jerin ranakun idi a bayansa, ya zama musu limami da alƙali da kalanda. Abin da suka fi ji da shi a kayansu shi ne irin wani hatsi, ɗan uwan alkama, wanda suke yin baƙin burodi da shi. Marek ya faɗa mini sunansa sau uku, harshena ya ƙi, na ce mu kira shi baƙar alkama. Matan sun ɗinke irin a cikin matasan kai, don kada a sace a jirgi, kuma don kada yunwa ta ba su shawara.

A ƙasarsu akwai wani idi a wata na tara da ake kai iri coci a sa masa albarka, washegari a shuka. Ya tsiro, ƙanƙara ta rufe shi, ya yi barci duk hunturu, in ɗumi ya dawo ya tashi ya fitar da kai. Haka kakanninsu suka yi tun ba a san farko ba. Dattijo ya duba littafi, ranar ta zo, suka farke matasan kai suka shuka a tsakanin kututture.

Marek ya ce, "Ya tsiro, Malam. Kore shar. Suka yi ta murna. Ya yi ganye, ya ƙara ganye, ya kai gwiwa, ya tsaya. Ko kai ɗaya bai fitar ba. Hatsin nan sai ya sha sanyi yake haihuwa, su kuwa sun shuka shi a bakin zafi. Ba wanda ya gaya musu cewa duniyar a can a kife take."

Na san dalilin tun kafin ya ƙarasa. Na nuna shi a aji sau ɗari, da lemo a hannun dama da fitila a hagu. Amma a aji ba a binne kowa in lemo ya juya, su kuwa sun binne yara a shekarar. Mutanen dajin da suka tarar, waɗanda da farko suka raina, su suka koya musu masara da baƙin wake da rogo. Da wata na tara ya zagayo, dattijo ya ce idi idi ne, aka sake shuka ragowar, aka sake samun ciyawa. Mahaifiyar kakar Marek ce kaɗai ta ƙi farke nata matashin, ta ce ita ba ta iya barci sai da shi. Sai a wata na biyar, wata safiya ta fito ta ga raɓa ta daskare a kan ciyawa, gwiwarta kuma tana ciwo irin na gida. Ta farke matashin ta watsa irin a bayan garke. Maza suka ce ta haukace, dattijo ya ce ta saɓa. Ya fitar da kai. Daga wannan matashi guda duk burodin ƙauyen ya fito.

Shayina ya huce ban sani ba. Na ce, "Injiniya, ashe danginmu ne ku."

Mu mutanen can arewa ne, ƙasar rairayi, inda damina take wata uku in ta yi kirki. Gona ta yi wa dangi kaɗan, fari ya biyo baya, sai Baba ya ja gida bakwai muka gangara kudu, ƙasar Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. Mai garinsu ya ba mu wani tudu kusa da rafi, muka kafa bukkoki. Ba mu wahalar da kanmu wajen suna ba, Tunga muka ce. Har yau in na rufe ido a cikin go-sulon titin Mesaimeer ina jin wurin. Kukan kwaɗi da ba mu saba da shi ba, har Inna ta rantse ba kwaɗi ba ne. Sarar gatari tun hantsi. Luguden mata uku a turmi ɗaya, da tafin da suke sakawa a tsakani. Ciyawa da ta fi mutum tsayi, wadda in ka nome ta ranar Asabar za ta gaishe ka ranar Talata. A arewa mun saba roƙon ruwa, a nan muka tarar ana roƙon ya ɗauke. Yaran Tunga na yanzu, in na kira waya da katin da nake saya a Mansura, ba su san wannan tudu ya taɓa zama daji ba. Suna tsammanin da kwanon rufi Allah ya halicce shi.

Mu ma da irinmu muka zo, geron kakana, ɗan kwana casa'in, a cikin goruna an cakuɗa da toka saboda ƙwari. Kuma da al'adarmu muka zo: ruwan farko ya sauka, gobe kowa yana gona da sungumi. A arewa wannan ba camfi ba ne, hankali ne, domin wanda ya yi jinkirin mako guda yana iya rasa shekara. Baba yakan ce shi bai taɓa ganin manomin kirki ya kwana biyu bayan ruwan farko da iri a ɗaki ba. To a Tunga ruwan farko yana riga na gida da wata biyu. Muka shuka, gero ya yi kyan da ba mu taɓa gani ba, ya nuna a tsakiyar marka, ruwa dare da rana. Zangarniya ta yi funfuna, ƙwaya ta tsiro tun tana kan kara, abin da ya tsira kuma tsuntsayen lardin duka suka taru a kansa, tunda gonarmu ce kaɗai take da abinci a lokacin. Shekara ta biyu muka maimaita, da ƙarin addu'a.

Muna da maƙwabci a ƙetaren rafi, wani dattijon Gbagyi mai suna Jatau, manomin doya. Shekara biyu yana zuwa ya tsaya a bakin gonarmu ya ce, "Mai gida, saurinka ya yi yawa. Bari sai doya ta hau sanda." Baba ya gode masa da ladabi, in ya tafi ya ce mutumin da yake binne abincinsa a rami ba zai koya masa gero ba.

A shekara ta uku gora ɗaya ya rage a Tunga duka, na Baba, rataye a ɗakinsa. Sauran gidajen sun shuka nasu ko sun cinye. Aka shirya za a raba wa gida bakwai. Kawu Ila, ƙanen Baba, ya faɗa a gaban kowa bayan sallar Juma'a cewa in bana ma ta ƙi, zai ɗaure jakinsa ya koma, kuma gida biyar za su bi shi. Kowa ya san abin da komawa take nufi. Gonakinmu na can an riga an rabe su, sai dai mu yi ƙwadago a ƙasar kakanninmu, ana nuna Baba ana cewa ga wanda ya kai mutane cin ganye.

Ni lokacin saurayi ne, shekarata biyu a kwalejin horon malamai, na dawo dogon hutu da littafin labarin ƙasa da girman kai daidai nauyinsa. A ciki akwai taswirar ruwan sama, arewa rawaya, kudu kore. Na ƙirga kwana casa'in da yatsa, na ga in an jinkirta wata biyu gero zai nuna bayan ruwa ya ɗauke. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa ilimi ne ya ceci garinmu. Gaskiyar ita ce maganar Jatau na tarar an buga da inji, sai na yarda da ita.

Na kai wa Baba littafin yana gyaran ƙotar sungumi. Ni ɗan fari ne, daga shi har Inna ba mai kama sunana, "kai" ne sunana a gidan. Ya dubi taswirar a juye, ya ce, "Kai, wanda ya rubuta wannan, buhu nawa ya noma bara?"

Ranar da hadarin farko ya haɗo, da la'asar ne. Mata suna ta kwashe shanya, maza sun fita duba gona, iska tana kawo ƙamshin ƙasa. Na shiga ɗakin Baba na sauke goran, na rufa masa riga, na ƙetare rafi. Jatau ya dube ni ya dubi goran, ya ce, "Ubanka ya sani?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni ma ban sani ba." Ya sa tsani ya jefa shi cikin rumbunsa.

Da safe gida bakwai suka taru a ƙofarmu, maza da sungumi, mata da ƙore, ƙasa ta jiƙe lumus. Baba ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito hannu wofi. Bai dubi kowa ba sai ni.

"Kai, ina goran?"

"Yana nan lafiya, Baba."

"Ba lafiyarsa na tambaye ka ba."

Na ce zan kawo shi in wata biyu ya cika. Kawu Ila ya jefar da sungumi ya ce, "Yaya, ba ni shi minti biyar a bayan ɗaki, ka ga in bai tuna hanya ba. Mun tura yaro boko ya dawo mana ɓarawo mai takarda!" Mutane suka yi caa. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ila, ɗana ne." Ya jingine sunguminsa a bango ya koma ciki. Bai dake ni ba, da ma ya daka. Abin da ya yi shi ne ya janye "kai" ɗin. Wata biyu ba ni da suna a gidanmu. In abinci ya sauka, Inna ta ajiye kwano a tsakar gida ta ce wa kaji, "Ga shi nan, in akwai mai ci."

Watannin nan biyu su ne mafi tsawo a rayuwata. Muka yi ta tara wa mutanen Jatau tulin ƙasar shuka doya ana biyanmu da dawa da rogo, muna haɗawa da tafasa. Kullum aka yi ruwa sai Kawu Ila ya tsaya inda zan ji, ya ce, "Malam mai taswira, wannan ma ba ruwa ba ne ko? A duba mana shafi nawa ne." Ciyawa ta rufe gonakin da muka share. Ni kaina na fara shakka. Nakan buɗe littafin in sake ƙirgawa, in tuna cewa wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin Tunga ba, kuma in na yi kuskure ba maki za a rage mini ba.

Da doya ta hau sanda na ƙetare rafi. Jatau ya sauko da goran ya miƙo mini, na ga an sake toshe bakinsa da sabon tsumma, ɗaurin kuma na san hannun da ya yi shi. Ya ga ina kallo, ya ce, "Ubanka ya zo tun kwana na uku. Ya buɗe, ya sa hannu a tokar, ya ji ba danshi, ya ɗaure. Na ce ya ɗauki kayansa. Ya ce shi ba shi ya kawo ba, ba shi zai mayar ba. Ya ce kada in gaya maka." Ya ƙara da cewa, "Ni kuwa Hausarku ba ta ishe ni ba, ban gane ba."

Na daɗe a bakin rafin da goran a cinya. Baba ba zai iya karɓar shawarar manomin doya ba, ba zai iya bin ɗansa a gaban ƙannensa ba, kuma ba zai iya kallon ruwan farko da iri a ɗakinsa ya zauna ba. Abu ɗaya ya rage masa, a yi masa sata. Sai ya bari aka yi.

Muka shuka a kan manyan kunyoyi irin nasu Jatau, don kada ruwa ya kwanta. Gero ya sha marka yana ƙarami, ya yi bununi ruwa yana ja da baya, ya nuna rana tana fitowa fes. Tsuntsaye suka zo, amma lokacin dawar kowa ta fara nuna, sai suka raba mana hidimar da maƙwabta. Ranar da aka fara yanka, Baba ya karyo zangarniya ya gasa tumu a bakin gona, ya murje a tafinsa, ya hure, ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba. Ya ce, "Kai, ungo." Kawu Ila bai ɗaure jaki ba. A Tunga ya rasu, yana gaya wa jikokinsa cewa shi ya ba da shawarar a jinkirta.

Marek ya saurara har ƙarshe. Masu gyaran kasuwa sun tashi daga aiki, wani ɗan dako ya wuce mu da baro. Na tambaye shi ko har yanzu ana shuka baƙar alkama a ƙauyensu. Ya ce, "Khalas, Malam, ya ƙare. Taba da waken suya. Sau ɗaya a shekara muna sa kayan kakanni mu yi wa baƙi rawa, garin burodin kuwa daga birni ake kawo shi a leda. Ku fa? Geron kakanka?"

Na ce masa ban sani ba, rabona da gida a lokacin damina ya daɗe, amma iri irin wannan ba a sakaci da shi. Ranar Juma'a na sayi kati na kira ƙanena, wanda yake riƙe da gonar Baba, na tambaye shi. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce tun zuwan takin zamani kowa ya koma masara, rabon Tunga da shuka gero ya fi shekara ashirin. Geron furar da suke sha, daga kasuwar garin da muka baro ake kawo shi a mota.